Kwancen Malam Almu

A Whitechapel, cikin shekarun tamanin da na casa'in, in ka hangi wani gajeren mutum siriri yana ratsa kasuwa sanye da kaftani mai tsada wanda ya yi masa yawa, hannun rigar a naɗe, gindinta na sharar ƙasa, to Gariba Tela ne. Duk matan Hausawa na gabashin Landan sun san shi. Shi ke ɗinka musu kayan suna da na biki, shi ke yi wa mazansu kaftanin Sallah, kuma wanda duk ya sa ɗinkin Gariba sai ka rantse da rigar aka haife shi. Amma shi telan, tun da ya taka ƙasar bai taɓa sa riga daidai jikinsa ba.

Mata kan tsokane shi. Hajiya Hansai, matar Dokta Nata'ala, ba ta zuwa karɓar ɗinki ta tafi ba ta ce, "Gariba, kai da almakashi a hannu ka kasa rage wa kanka riga?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Kwancen Malam ne, Hajiya. Ba a sa masa almakashi." Ita kuma ta ce Allah sarki, yaran yanzu ina za a samu mai biyayya irin wannan. Yaron da take faɗi kuwa ya haura arba'in, furfura har ta fara fito masa a gemu.

A zangon Kumasi aka haife shi. Uwarsa mai sayar da wake da shinkafa ce a bakin tasha, kawunsa tela, a gindin kekensa ya girma. Bahago ne, kawun ya yi dukan duniya ya mayar da shi dama abin ya gagara, sai ya sayo masa almakashin hagu ya ƙyale shi. Da ya zama saurayi ya bi 'yan zango zuwa Kano neman aiki, ya samu keke a wata rumfa a Fagge. A nan wata rana wani dogon malamin makaranta mai suna Almu ya kawo yadi. Gariba ya auna shi, ya ɗinka, Almu ya zo ya gwada, ya daɗe yana kallon kansa a madubi. Sannan ya kama hannun telan na hagu, ya jujjuya shi, ya ce, "Wannan hannun bai kamata ya tsufa a rumfa ba." Tun da aka haifi Gariba babu wanda ya taɓa yabon hannun nan. Ranar ko abincin rana bai iya ci ba.

Abin da ya shiga tsakaninsu daga nan so ne, irin wanda ke shiga tsakanin mace da namiji, sai dai su duka biyun maza ne, kuma kowannensu ya san abin da zai same su in aka ji. Da aka kori baƙi daga Najeriya a tamanin da uku Gariba ya koma Kumasi ya tarar da yunwa. Almu kuwa ya samu karatu a Landan, daga baya ya kama aiki a wani ofis kusa da Charing Cross, ya aika aka zo masa da telansa. Suka zauna a flat ɗin council, irin gidajen hayar nan na hukuma, mai ɗaki biyu a bayan kasuwar Whitechapel. Ɗaki ɗaya na Malam, ɗayan na keke da yaduka da wani ɗan gado da ake shimfiɗawa kullum saboda idon baƙi, wanda ba a taɓa kwana a kansa ba. A wajen jama'a Gariba yaron Malam Almu ne. Abin takaicin shi ne ko an rufe ƙofa, daga su sai Allah, Malam yake kiransa, shi kuma Almu ya ce masa Tela.

Kada a ce Almu bai taɓa yi masa alheri ba. Da Gariba ya kwanta ciwon haƙarƙari a sanyinsa na farko, Almu ya ɗauki hutu, ya dama masa kunu, ya riƙa gasa masa ƙirji da tawul. Amma mutumin yana da wata hanya ta ba ka abu wadda sai ka ji kamar an rage maka tsawo. Zai yabi ɗinkin da safe, da yamma ya ce in ba don shi ba da yanzu wannan hannun yana bara a tasha. Zai gyara masa Hausa a gaban mutane, don Gariba irin 'yan zango ne, mace ma "ya ce" yake ce mata. In Gariba ya tsaya gaban madubi, sai Almu ya zo ta bayansa ya dafa masa kafaɗa ya ce a hankali, "Dubi kanka da kyau. Wa zai kalle ka in ba ni ba?" Ba da faɗa yake faɗa ba, cikin sanyin murya yake faɗa, har ya sumbaci ƙeyarsa. Gariba ya ji maganar nan sau da yawa har ta zauna masa, ya daina ganin ta a matsayin tambaya.

Maganar kwance kuwa al'ada ce ta gida wadda kowa ya sani, ubangida in Sallah ta zo ya sa sabo, ya miƙa wa yaronsa na bara. Almu ya riƙe ta da hannu biyu. Duk azumi Gariba zai ɗinka masa sabon kaftani, ranar Idi da safe Almu ya ciro na bara daga kabad ya ɗora masa a hannu. Sai dai ya ƙara wata doka tasa: rigarsa ba a rage ta. "In ka yanke rigata, ni ka yanke," in ji shi. Almu dogo ne mai faɗin kafaɗa, Gariba da ƙyar ya kai masa haɓa. Haka ya riƙa yawo cikin rigunan wani, yana kama hannuwan da fil.

Kowace Lahadi da la'asar akwai majalisa a falon Almu. Dokta Nata'ala na zuwa, da ɗaliban Arewa, da ma'aikatan da suka bar iyali a gida. Gariba ke dafa shayi yana zagawa da faranti. Almu kuwa Allah ya yi masa baki, ba a ƙwace masa wannan. Ya ce littafi yake rubutawa, amma ko layi ɗaya ba a taɓa gani ba, littafin yana kansa, duk mako sai ya ba su babi guda da baki. Labarin wani bara ne mai suna Tsumma, gajere, sakarai, mai tsananin son ubangidansa. Makon da Gariba ya tsorata da matakalar nan mai tafiya da kanta a tashar tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, Lahadin Tsumma ya rungume ƙafar wani Bature yana salati. Da uwar Gariba ta rasu, ya kwana biyu yana kuka da kai a cinyar Almu yana ba shi labarin yadda wuta ta ƙona mata yatsu a wajen tukunya, ba a yi wata ba sai ga uwar Tsumma a majalisa da yatsu uku tana ƙirga canji tana ɓata. Aka yi dariya har da riƙe ciki. Gariba yana tsaye da buta a hannu, shi ma ya yi dariyar, don bai san abin da zai yi da fuskarsa ba.

In ya yi ƙorafi bayan an watse, Almu ya ce, "Ƙirƙira ce fa, Tela. Kai har ka kai a sa ka a littafi?"

Wata Lahadi Almu ya ce Tsumma in yana barci sai ya damƙe gefen bargo yana kiran uwarsa ƙasa-ƙasa. Dokta Nata'ala ya gama dariya, ya goge ido, ya ce, "To Malam, ya aka yi maigidan ya san abin da bara ke yi cikin barci?" Aka juyo ana kallon Almu. Gariba ya ji butar ta yi masa nauyi. Almu ya kurɓi shayi ba gaggawa, ya ce, "Dokta, bangon council ai kwali ne." Aka sake fashewa. Amma ta saman kofin ya kalli Gariba, kuma Gariba ya gane kallon. Cewa yake yi, ka ga yadda na kai ka bakin rami na dawo da kai.

Tun daga ranar tsoro ya samu wurin zama a cikin Gariba. Ba shi da kowa a ƙasar nan sai matan da ke kawo masa ɗinki da mazan da ke amsa masa sallama a masallaci. Su ne abincinsa, su ne danginsa. Kuma duk suna rataye ne a harshen mutum ɗaya.

Mutum guda ce ba ta taɓa yaba masa kwancen nan ba, Mma Anatu, wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi mai shagon yadi a Stratford, inda yake sayen zare da shadda. Ta san uwarsa. Ana saura kaɗan azumin casa'in da shida ya kama, yana cikin zaɓen zare, ta zura masa ido ta ce da irin Hausarsu, "Gariba, uwanka da ya ga ka haka, da ya yi kuka." Ya ce me ya faru. Ta kama hannun rigar da ke naɗe ta girgiza. Sannan ta ja shi bayan shago ta nuna masa wani ɗaki da keke a rufe da zani, ta ce a sama kuma akwai ɗakin kwana da ɗanta ya bari. In yana so ya dawo nan bayan Sallah, ya yi aikinsa da sunansa. Da zai tafi ta yanko shadda ruwan toka mai kyau ta dunƙula masa a hannu.

"Wannan naka ne. Ba na Malam ba. Ka ɗinka ka sa ran Sallah in gani."

Ta ɗauko tef za ta auna shi, ya yi dariya ya ja da baya. "Haba Mma, ni fa tela ne."

To, mai hankali ai sai ya yi shiru da bakinsa. Amma Gariba shekara da shekaru bai saba ɓoye wa Almu ko ciwon kai ba. Ranar farko ta azumi, suna jiran shan ruwa, sai ga shi ya faɗi maganar ɗakin Stratford, wai don ya ji shawara. Maganar shaddar kawai ya iya riƙewa. Almu yana ɓare lemo, bai ɗago ba.

"Madalla. Ka je mana."

Gariba ya juyo ya kalle shi.

"Ka je," in ji Almu. "Ni ma dama ina neman yadda zan ƙare littafin nan. Akwai babi ɗaya da ban ba su ba, na ƙarshe. Ina ganin zai yi wa Dokta daɗi, shi da yake son tambaya." Ya miƙa masa ɓarin lemon. "Kai ne ba ka iya zama kai kaɗai ba, Tela. Ko kettle ka bari a wuta sai na kashe."

Aka kira salla a rediyo, Gariba ya karɓi lemon ya ajiye a gefe.

Duk da haka ya ɗinka rigar. Wannan kam a ba shi. Kullum in ya je Stratford sayen zare da rana, sai ya shige ɗakin baya ya ɗan taɓa. Ranar da zai yanka ta, mata sun cika shagon suna kiransa, wannan na tambayar ɗinkinta, waccan na son a canza mata wuya. Ya shimfiɗa shaddar a tebur, ya ɗauki alli, hannunsa ya zana kafaɗa da hannu da tsawo cikin sauri kamar yadda ya saba, ya bi da almakashi. Bai tsaya awo ba, me zai auna, rigar gida ce. Abu ɗaya ya tsaya ya yi tunani a kansa, shi ne aljihun ƙirji. Kowa a hagu ake sa masa don hannun dama ya shiga. Gariba ya sa nasa a dama, don bahago ne, kuma duk rayuwarsa yana murɗa hannu yana laluben aljihun da ba don shi aka yi ba. Da ya ɗinka aljihun nan ya ji wani farin ciki da ya manta kalarsa. Bai gwada rigar ba. Ya ce sai ran Idi, a sa ta sabuwa fil.

A cikin watan kuwa Almu ya yi laushi kamar ba shi ba. Ya sayo masa safar hannu, ya riƙa tashinsa sahur da kansa. Sabon kaftanin Almun na bana, fari, yana rataye an gama. Bai sake ta da maganar Stratford ba, haka ma babin ƙarshe. Sai dai in ya wuce ƙofar ɗakin keke yakan tsaya ya daɗe yana kallon bayan Gariba, ya wuce ba magana. Gariba ya gwammace faɗa da wannan shirun.

Ranar Sallah gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi. Almu na wanka, Gariba ya shige ɗakin keke ya tura ƙofa, ya zaro rigar daga ƙarƙashin yaduka inda ya ɓoye ta da ya kawo ta daga Stratford, ya zura kai. Ta sauka masa har ƙasa ta taru a kan ƙafafunsa. Hannuwan suka wuce yatsunsa suka yi lilo. Kafaɗar ta zubo masa a damtse. Ya tsaya gaban madubi yana kallo, ya ɗaga hannu, ya sauke. Babu kuskure ko ɗaya a ɗinkin, rigar Almu ce cif. Hannun da ya yi shekaru yana yanka wa mutum ɗaya rigar gida, da aka ce ya yanka wa mai shi, awon da ya sani ya zana. Gariba ya nemi awon kansa a ƙwaƙwalwarsa, kafaɗa nawa, hannu nawa, ya tarar babu. Ya san na Dokta, ya san na 'ya'yan Hajiya Hansai har da na jaririn, nasa ne kawai bai sani ba.

Bai ji buɗe ƙofa ba. A madubi ya ga Almu tsaye a bayansa da tawul a wuya.

"Ikon Allah," in ji Almu a hankali. "Ashe biyu ka yi mini bana. Cire in gani."

Da Gariba ya buɗe baki ya ce tawa ce, da wataƙila labarin ya canza. Amma ya za ka ce taka ce alhali ga ta tana jan ƙasa? Ya cire ya miƙa. Almu ya sa, ta zauna masa ɗas, ya juya hagu ya juya dama yana murmushi, ya ce wannan zai sa, farar ta jira Juma'a. Ya ciro ta bara daga kabad ya ɗora wa Gariba a hannu kamar kullum. Gariba ya ce ya gode.

Sai a ƙofar masallaci, bayan an idar, ana ta gaisawa ana barka da Sallah, wani ɗalibi ya ba Almu katinsa. Almu ya kai hannun dama ƙirjin hagu zai sa, katin ya zame a kan yadi. Ya duba. Ya shafa ɗaya ɓangaren ya ji aljihu. Ya daɗe da tafin hannunsa a wurin. Sannan ya ɗago ya nemo Gariba cikin taron, can gefe yana riƙe da takalman Malam, ya kalli hannunsa na hagu, ya yi masa murmushi mai faɗi. Gariba ya san Malam ya gane mai rigar.

Da la'asar falon ya cika fiye da kullum. An ci tuwo da miyar taushe, an ci nama, Gariba na zagawa da shayi. Almu ya gyara zama cikin shaddar ruwan toka, ya ce albarkacin Sallah yau zai ba su ƙarshen Tsumma. Aka yi tafi.

Ya fara da ban dariya kamar yadda ya saba, sai muryar ta sauya. Ya ce maigidan ya daɗe yana lura in ya fita Tsumma na shiga ɗakinsa yana sunsunar rigunansa. Ya ce ashe ba don talauci yake son kwance ba, don jikin da ya fita daga ciki ne. Ya ce wata rana Tsumma ya faɗi a ƙafafun maigida ya furta abin da namiji ba ya furta wa namiji, maigidan ya yi a'uziyya, ya yi niyyar korarsa, sai tausayi ya hana shi, don ya san irin wannan halitta in ta fita babu gidan da zai karɓe ta. Sai ya ci gaba da riƙe shi saboda Allah, yana yi masa addu'ar shiriya, yana kulle ƙofarsa da dare. Kai, mutumin nan ya iya tsara magana. Ya wanke kansa tas, ya bar ɗayan tsirara a tsakar falo, kuma bai ambaci sunan kowa ba.

Babu wanda ya yi dariya. Shekarun nan ne da ake ta maganar ciwon nan na ƙanjamau a talabijin, mutane na tsoron ko kofi su haɗa da wanda ake zargi. Dokta Nata'ala, likita guda, ya kalli shayin da Gariba ya zuba masa yanzun nan, ya ajiye a ƙasa, ya ture shi gefe da yatsa. Wani ɗalibi ya janye ƙafarsa daga hanyar faranti. Idanu suka riƙa zuwa kan naɗaɗɗen hannun rigar Gariba suna kaucewa.

"Ƙirƙira ce fa, jama'a," in ji Almu yana dariya. "Kun yi shiru kamar an yi mutuwa."

Ɗaya bayan ɗaya suka tuna suna da wasu gidajen da za su gaida. Ba wanda ya yi wa Gariba sallama.

Da falon ya zama daga su sai kofuna, Almu ya tashi ya zubo tuwo da kansa, ya tsinto nama mai kyau ya ɗora. "Zo ka ci, tun safe ba ka sa komai a cikinka ba." Ya zaunar da shi, ya dafa masa kafaɗa. "Ka ga yanzu sun san ka, kuma ka ga yadda suka gudu. Ni na san ka tun Fagge, ban gudu ba. Ka bar maganar Stratford ɗin nan, ka ji? Ba mai karɓarka." Ya faɗi haka da taushi, kuma abin da ya fi ba Gariba tsoro shi ne wani ɓangare na zuciyarsa ya ji sanyi da hannun nan a kafaɗarsa. Ya ci tuwon.

Washegari Almu ya tafi ofis, ya ce a goge masa shaddar. Gariba ya kunna dutsen guga, ya shimfiɗa rigar, ya goge baya, ya goge hannuwa. Da ya zo kan aljihun ya tsaya. Ya zura hannunsa na hagu a ciki, ya shiga sumul ba murɗawa. Ya daɗe a haka har dutsen ya fara ƙauri. Ya kashe, ya rataye rigar a kabad, ya ɗauki almakashinsa na hagu da tef ya sa a aljihun kwat. Ya duba ɗakin ko akwai wani abu nasa, bai ga ba. Ya fita cikin kwancen bara, don ba shi da wata rigar.

A tube ya yi ta jin kamar kowa ya ji labarin, har Turawan da ke karanta jarida. Sau biyu ya miƙe zai sauka ya koma.

Shagon Mma Anatu babu kowa. Tana zaune bayan kanta, ta kalle shi daga sama har ƙasa, ta kalli rigar, ba ta amsa sallamarsa da sauri ba.

"Hajiya Hansai ya kira tun da safe," ta ce. "Ya ce kayan bikin 'yarsa an yi cancel, a mayar masa da yadinsa. Wasu biyu ma sun kira."

Gariba ya sunkuyar da kai. "Mma, abin da suka faɗa..."

"Ban tambaye ka ba. Kada ka faɗa mini, ba na son ji." Fuskarta a ɗaure take, ba wasa. "Tsakaninka da Allahnka. Ni uwanka na sani. Ɗaki yana nan, amma aiki zai yi wuya, kada ka ce ban gaya maka ba. Ina shaddan da na ba ka?"

Ya gaya mata. Ta rufe baki da gefen mayafi. Sai ya zaro tef daga aljihu ya miƙa mata da hannu biyu, kamar yadda yaro ke miƙa wa babba abu.

"Mma, auna ni."

Ta kalli tef ɗin, ta kalli hannunsa. Ya ga ta yi jim, ya san me take tunani, ya san kuma in ta ƙi taɓa shi ba shi da sauran wurin zuwa sai Whitechapel. Ta ja dogon numfashi, ta zagayo daga bayan kanta, ta karɓa. Ta ce ya cire kwat, ta zare fil ɗin hannun rigar ta zubar a kan tebur, ta tattare yadin da ya yi yawa ta dunƙule a bayansa don ta samu jikin. Ta ɗora tef a kafaɗa.

Wayar shagon ta fara ƙara.

Duka biyun suka kalle ta. Almu ya saba kiran gida daga ofis kafin azahar don ya ji ko Tela na nan, kuma ya san lambar shagon, don tana manne a jikin keken Gariba. Mma Anatu ba ta motsa ba. Ta karanta awon kafaɗar da ƙarfi.

"Sake aunawa, Mma," in ji Gariba. "Ya yi kaɗan."

"Bai yi kaɗan ba. Naka ke nan."

Wayar ta yanke, ta sake farawa. Gariba ya san yadda muryar za ta fito in an ɗauka, a hankali, ba faɗa, ta ce Tela ka ci abinci kuwa. Bai san lokacin da ƙafarsa ta ɗaga ta nufi kanta ba. Mma Anatu ta damƙe yadin da ke bayansa ta dawo da shi.

"Tsaya cak, ban gama ba. Miƙe hannu."

Ya miƙe hannun hagu. Ta ɗora tef daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, wayar na ta ƙara a bayansu.